Faifan Da Muka Aika Gida

 

Ranar Juma'ar da ta wuce Inna ta sa na sauko mata da wata tsohuwar adaka daga ɗakin Baba, tana neman takardar wani fili da ya saya a bayan gari. Takarda dai ba mu gan ta ba, amma can ƙasan kayan, cikin wata baƙar leda, sai ga faya-fayan bidiyo guda tara an ɗaure su da roba. Takwas na wa'azi ne da na finafinai. Na taran an rubuta a bayansa da jar maka: "Bikin Yaya, kwafi na 3". Rubutun hannuna ne, na lokacin da nake da shekara 15. Tun ranar nake ta juya maganar a raina, sai na ga gara in rubuta ta, domin na san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan faifai ba. Duk wanda iyayensa suka baro gida suka zauna a wani gari, in ya bincika adakar tsohuwarsa da wuya bai sami irinsa ba.

Ga wanda bai san mu ba, mu 'yan Katuzu ne a cikin Gashuwa, amma in aka tambaye mu asali sai mu ce Ɗambatta, ko da yake ni sau huɗu kacal na taɓa kwana a can. Baba ya zo ƙasar Bade yana saurayi, tun Gashuwa tana cikin jihar Borno, kafin a yanke Yobe a 1991. Bandar kifi ya fara saye yana kaiwa Kano, daga baya ya haɗa da shinkafa, har Allah ya ba shi rumfa tasa. Inna kuwa haifaffiyar Nguru ce, kakanta layin dogo ya biyo, wanda ya iso garin a 1930, zamanin da gyaɗa da fata ke tashe. Saboda haka ta ɓangarenta mun kwana biyu a nan. Shi kuwa Baba har ya koma ga Allah in ya ce "gida" Ɗambatta yake nufi, inda mahaifiyarsa, Hajiya, ta ƙi tasowa duk lallashin da ya yi mata.

Ƙanen Inna, wanda muke kira Kawu, shi ne mai ɗaukar bidiyon biki a unguwarmu da kewaye. Ya fara da wata ƙatuwar Panasonic ta kafaɗa mai cin kaset ɗin VHS, irin wadda 'yan wasan Hausa na Kano suka fara sana'a da ita. Ni ban riski wannan zamanin ba. Lokacin da na fara bin sa, wajen 2011, ya koma ƙaramar Sony mai kaset ɗin MiniDV, wanda da kaɗan ya fi kwalin ashana. Aikina na farko riƙon waya ne, in bi shi da doguwar igiyar wuta da wata fitila mai zafi kamar murhu, in riƙa korar yara kada su taka. Daga nan na sami ƙarin girma na koma mai kula da batir da kaset-kaset. Da yake kuma ni ne mai zuwa sakandare, ina ɗan gane abin da kwamfuta ke rubutowa da Turanci, ba a jima ba Kawu ya sakar mini tacewa, shi ya tsaya kan ɗauka.

A nan ina so mai karatu ya lura da wani abu wanda 'yan uwanmu na gida ba su cika ganewa ba. Mutumin da aka yi bikinsa a garinsu, a gaban danginsa, faifan biki abin tunawa ne kawai a wurinsa. A wurinmu kuwa wasiƙa ce. Shi ne rahoton da ake aikawa gida a ce ga yadda muke, ga gidan da muka gina, ga jama'ar da muka tara, ba mu wulaƙanta ba. Shi ya sa in ɗan ƙasa ya kira Kawu sai ya ce kwafi biyu sun isa, in kuwa ɗaya daga cikinmu ne sai ka ji shida ko takwas: ɗaya Haɗeja, ɗaya Gumel, biyu Kano, ɗaya Damagaram. Kuma mu ne masu yawan sharaɗi. A fara da ƙofar gida daga waje. A nuna sabon fenti. A daɗe a kan motocin da suka zo. In an zo rabon abinci a nuna naman, kada a nuna lungun da ake wanke-wanke. Akwai wani alhaji, ba zan faɗi sunansa ba, da ya zo shago da kansa ya tsaya a kaina sai da na cire wurin da dangin matarsa Badawa suka yi rawarsu ta gargajiya, wai kada a gani a garinsu a ce ya bar al'ada. Shekara talatin yana cin arziki a garin mutane. Na cire, don shi ke biya. Ana gama aiki sai a kai tasha, a ba direban Kano tare da kwalin banda, ya bi ta Nguru da Haɗeja.

Darasin Kawu na farko shi ne, a wannan sana'a babu "a sake". Ɗan fim yana iya cewa a yanke a koma farko. Liman kuwa ba zai sake ɗaura aure don batirinka ya mutu ba, haka dokin da ya sheƙo a gaban fadar Mai Bade ranar hawan salla ba zai koma baya ya jira ka ba. Saboda haka kafin a fara komai sai ya duba abu uku: batir, saura minti nawa a kaset, da inda rana take, domin in kyamara ta fuskance ta kowa zai fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Kaset ɗaya minti 60 yake ci. Akwai wani maɓalli da ke jan sa zuwa 90, amma Kawu ya hana a taɓa shi, ya ce hoton yana farfashewa in aka sa kaset ɗin a wata kyamarar.

Kwanakin baya na ci karo da wasu 'yan uwan sana'armu da ban taɓa zaton akwai su ba. A YouTube na ga masu ɗaukar mutanen da ke dirowa daga jirgin sama da lema, a Amurka da Dubai da sauran wurare. Mai kyamarar a hular kwano yake ɗaure ta, ya diro tare da wanda ya biya kuɗi daga nisan wajen mita 4,000, kuma faɗowar kafin a buɗe lema da ƙyar take kai minti ɗaya. A shekarun baya su ma da irin kaset ɗinmu suke aiki, kuma kafin mutum ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa an tace an miƙa masa faifansa. Na yi dariya na ce ashe Kawu yana da dangi a sama. Su ma suna ɗora kiɗa a kan hoton, amma da hujja, domin a cikin iskar nan babu abin da kyamara ke ji sai huuu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, maganar da mutum ya yi kafin ya hau jirgi, da wadda ya yi da ƙafarsa ta taɓa ƙasa yana haki, suna barin ta da muryarsa. Ku riƙe wannan.

Tacewa kuwa aikin dare ne. A shagon Kawu kwamfuta guda ce, Pentium 4, mai rumbu gigabait 80. Za ka haɗa kyamara da ita ta wayar FireWire, ka danna, kaset ya yi ta tafiya a hankalinsa. Awa ɗaya ka ɗauka, to awa ɗaya za ka zauna kafin ya gama shiga, kuma kowace awa tana cin wajen gigabait 13. Mai karatu ya lissafa da kansa, biki biyu sun cika rumbu, saboda haka dole a share na jiya kafin a zuba na yau. Da Ulead muke yanka, da Nero muke bugawa a faifai. Mutanen birni DVD muke yi musu, wanda ke ɗaukar kamar awa biyu da hoto mai kyau. Na ƙauye kuwa, inda har lokacin tsofaffin na'urorin VCD ne a ɗakuna, dole a matse komai ya shiga faifan sidi mai megabait 700, wanda ba ya wuce minti 80. Bikin kwana uku, kaset uku ko huɗu, a mayar da shi minti 75. Sannan kwamfutar ta kwana tana niƙawa, janareta na shan mai, in kuwa ya yi tari ya mutu ana tsakiyar bugawa, faifan ya tashi aiki, sai dai yara su rataya a keke.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin nan ƙwarai da gaske. Yaron da a gida ko shawarar miyar dare ba a yi da shi, a shago shi ke yanke wa zai fito wa ba zai fito ba! Duk adon da ke cikin Ulead sai da na gwada shi a kan bayin Allah: hoto ya buɗe da siffar zuciya, ya juya kamar shafin littafi, amarya ta rabu gida huɗu, sunayen dangi suna hawowa da ruwan gwal. Sai waƙa. A lokacin Nura M. Inuwa da Ali Jita da Umar M. Shareef ake yayi, kowace amarya da zaɓinta. Ƙa'idar da na tarar, wadda ban taɓa tambayar dalilinta ba, ita ce ɗaurin aure kaɗai ake bari da sautinsa, saboda Fatiha da sanarwar sadaki. Duk sauran a kashe sauti a ɗora waƙa. In ka bar hayaniyar mutane sai a ce ba ka iya aiki ba, ka kawo wa mutane "ɗanye".

To, sai ga bikin Yaya, babbar 'yar Baba, wanda aka sa a watan Sha'aban na 2013, wato cikin Yuni, don a gama kafin azumi. Waɗanda ke Yobe a lokacin ba sai na tuna musu ba. Ranar 14 ga Mayu Shugaba Goodluck Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, kwana kaɗan bayan haka aka ɗauke sabis ɗin waya gaba ɗaya, kuma a Yobe sai da aka shafe wajen wata biyu kafin ya dawo. Mai son magana da gida sai ya shiga mota ya tsallaka ƙasar Jigawa, ya tsaya inda sanda ɗaya ta fito a wayarsa. Hanya kuma shinge ne bayan shinge. Baba da kansa ya aika ta bakin direba cewa kada kowa ya taso daga Ɗambatta, musamman Hajiya, wadda tun watan Rajab ta gama ɗaure kayanta. Ko Baffa, wanda shi ya kamata ya zama waliyyi, bai zo ba. Maƙwabcin Baba na kasuwa ne ya tsaya a madadinsa, wani dattijo ɗan Bade da suka yi shekara ashirin da wani abu rumfa na jikin rumfa.

Biki ya zama na rana tsaka. Babu wushe-wushe, babu kiɗan dare, komai a gama kafin magariba. Saboda haka nauyin da ke kan faifan ya ninka. Baba mutum ne da in ya hango kyamara sai ya juya baya ya shiga wani aikin, amma wannan karon shi ya kira Kawu zaure ya ce masa, "Kai ne idon Hajiya. Kada ka bar komai."

Ran kai amarya, bayan la'asar, aka shigo da Yaya ɗakin Baba ta yi masa sallama, a lulluɓe, ƙannen Inna biyu na riƙe da ita. Kawu ya bi su da kyamara, ni ina bayansa da fitila don ɗakin da duhu. Janareta kuwa a gindin tagar ɗakin muka ajiye shi, saboda iyakar inda igiyarmu ta kai ke nan. Baba yana zaune a kan buzunsa. Ya ɗan jima bai ce komai ba, can ya fara magana. Minti 4 da daƙiƙa 20 ya yi, na san adadin ne don na gan shi a kwamfuta. A cikinsu ya ɗaga yatsa sau biyu, ya yi murmushi sau ɗaya, sau ɗaya kuma ya tsaya ya shafa fuskarsa da hannun riga. Daga ƙarshe ya ɗago kai ya dubi kyamarar kai tsaye ya faɗi wata gajeriyar magana. Ni a lokacin hankalina yana kan fitilar da ke ƙona mini yatsu.

Da na zo wurin a kwamfuta cikin dare, ga abin da na ji: rurin janareta, kukan mata, wani yaro na tsala ihu a tsakar gida, muryar Baba kuma can ƙasa, sai mutum ya kasa kunne sosai. Amma ana jin ta. Wannan ita ce gaskiyar da na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Da a ce ba a ji ne, da na sami mafaka. Sai kawai na ga ai nan ne wurin da ya fi ko'ina taɓa zuciya, nan ne ya dace da waƙar rabuwa da iyaye da Yaya ta zaɓa. Na ja layin sautin ƙasa har ya kwanta, na ɗora waƙar, na rage gudun hoton daidai inda ya shafa fuska, na sa furanni suna zubowa ta gefe. Na kalla sau uku ina yabon kaina. Da safe Kawu ya leƙo ya gani, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ka fi ni."

Kwafi bakwai muka buga. Baba ya kalli nasa a gida tare da mu, bai ce uffan ba har aka gama, sannan ya sa mini albarka ya ba ni naira 500.

Bayan kwana tara direban ya dawo da saƙon baka, ya same mu a rumfa. Ya ce an kunna faifan a gidan maƙwabta, mata sun cika tsakar gida, an kalla har sau biyu. Hajiya ta yaba gida, ta yaba kayan ɗaki, ta tambayi wane ne dattijon da ya karɓi sadaki, ta ce a gode masa da kyau. Sannan ta ce a gaya wa mijin nan nata mai kwamfuta, wato ni, ta ga ɗanta yana ta magana, har ya ɗago ya dube ta, amma an sa mata kiɗa a kai, ba ta ji me ya ce ba. In da hali a aiko mata da mai maganar.

Aka yi dariya a rumfa, har da Baba. Ni kuwa na ruga shago. Rumbun kwamfuta an share shi tun kwana huɗu da suka wuce, don Sha'aban ne, biki na bin biki. Na tambayi kaset ɗin, Kawu ya ce wanne a ciki? Kaset ɗaya ya fi kuɗin faifai goma, kuma daga Kano ake kawo shi, ga yadda hanya take. Babu mai ajiye kaset. Ana gama aiki ake mayar da shi farko a ɗora wani bikin a kai. Ban ga laifin Kawu ba ko a lokacin, haka kowa ke yi. Na dawo na gaya wa Baba, ya ce, "Ba komai, in waya ta dawo na gaya mata da bakina." Waya ta dawo, azumi ya zo, aka shiga wata hidimar, ni dai ban sake tunawa da zancen ba. Hajiya ta rasu a 2016.

Baba ya bi ta a 2019, bayan jinyar ƙoda, ciwon da ya ɗauke mutane a Gashuwa har an daina mamakinsa. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan naku da suka rigaye mu. Wajen wata shida bayan rasuwar, wata rana ina zaune a rumfa a wurin da yake zama, na nemi muryarsa a kaina na rasa. Fuskarsa tana nan, tafiyarsa tana nan, har yadda yake damƙar shinkafa ya murza a tafin hannu ya faɗi gonar da ta fito. Muryar ce ta ƙi zuwa. Na bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya. Baba ƙaramar waya mai maɓalli ya riƙe har ya bar duniya, bai taɓa aika wa kowa saƙon murya ba, in yana da magana kira yake yi. Hotuna muna da su. Bidiyo kuwa, mutumin da ya ba kyamara baya duk rayuwarsa sau ɗaya tak ya fuskance ta, ni kuma na rufe masa baki da waƙa.

Na tambayi Yaya me ya ce mata ranar. Ta ce ita kuka take yi, abin da ta riƙe kawai maganar salla a kan lokaci, da cewa kada ta kawo ƙarar miji gida sai abin ya fi ƙarfin haƙuri. Maganar da ya yi yana kallon kyamara kuwa ba ta ma san an yi ta ba, kanta na cikin mayafi. Kawu ya ce shi idonsa na kan batir.

A lokacin Kawu ya daɗe da barin sana'ar, waya ta kashe ta, ya koma sayar da caja da murfin waya. Yawancin kaset-kaset ɗinsa ya rabar wa manoman shinkafa, waɗanda ke warware zaren su ja shi a kan gona a fadama, yana walƙiya yana kaɗawa a iska don korar jan-baki. Na yi kwanaki in na bi ta gada na hango wannan walƙiyar a bakin kogi sai gabana ya faɗi. Amma a ƙasan wata jaka muka sami guda 14 da suka rage, babu rubutu a jikin ko ɗaya sai wasu lambobi da shi kansa Kawu ya manta ma'anarsu. Kyamarar kuma ta daina jan kaset. Sai a 2021, da na raka lodin shinkafa Kano, na sami wani tsohon mai tace finafinai da ya adana na'urar da ke karanta su. Ya ce in zauna in duba da kaina, in biya kuɗin wuta.

Kwana biyu na yi ina kallon bukukuwan mutane. Amaren da yanzu suna da 'ya'ya huɗu, tsofaffin da aka daɗe da binnewa, duk ga su da muryoyinsu, ɗanye, yadda muke jin kunyar bayarwa. Wata tsohuwa tana faɗa a kan goro. 'Yan mata suna tsokanar ƙanen ango. A tsakar gida ɗaya na ji Hausa da Badanci da Kanuri da Fulatanci suna shiga cikin juna, mutum ya fara magana da wannan ya ƙarasa da wancan, kamar dai yadda muke yi kullum a Katuzu. Wannan bai taɓa isa Haɗeja ko Gumel ko Ɗambatta a faya-fayanmu ba. Abin da ya isa shi ne fenti da motoci da waƙar Kano, wadda dama suna da ita a can.

A kaset na 11, bikin da ke kai ya ƙare a minti na 58. Hoton ya farfashe gida-gida, sai ga tsakar gidanmu. Ashe waɗanda aka ɗora a kai ba su cinye kaset ɗin ba, wutsiyar namu ta rage. An riga an fita da Yaya. Kyamarar tana reto a hannun Kawu, ya manta bai kashe ta ba, ƙasa kawai take nunawa da takalman mutane da igiyar wuta. Janareta a kashe. Sai murya daga gefe, tas, kamar yana tsaye a bayana: "Kai, a kai wa direbobin nan abinci, tun rana ba su ci komai ba." Wani ya amsa daga nesa. Ya ƙara da cewa, "Da ruwa mai sanyi." Jim kaɗan kaset ya ƙare. Daƙiƙa 11 ne daga inda ya fara zuwa inda ya tsaya. Mai shagon ya dube ni bai tambaye ni komai ba, ya juye mini a waya, ya ƙi karɓar kuɗin ranar. A daren na tura wa Yaya da sauran 'yan uwa. Autanmu, wanda yake ƙarami lokacin rasuwar, har yau in an aike shi kawo wa baƙo abinci sai ya ce, da ruwa mai sanyi.

Yanzu kowa mai kyamara ne, kuma na lura cutar ba ta warke ba, riga kawai ta canja. Ƙannenmu suna ɗaukar biki da waya, kafin a watse sun ɗora waƙa sun sa a TikTok da WhatsApp, sun share na asalin don wuri ya cika. Ni ba na hana kowa waƙa, a sa ta inda babu abin ji sai iska, kamar yadda masu lema ke yi. Amma in tsoho ya buɗe baki a kashe janareta, a matso kusa, kuma a ajiye ɗanyen a wuri biyu. Masu faya-fayai a adaka kuma ku fito da su tun suna karantuwa. Faifan da aka buga a kwamfuta ba kamar na kamfani ba ne, wani ɗan rini ne a cikinsa wanda zafi da rana da danshi ke ci a hankali, ga zafin ƙasarmu, ga ambaliya irin ta 2022 da ta shiga gidaje a Gashuwa. A cikin kwafi bakwai da muka buga, uku na san inda suke, biyu a ciki ba sa tashi.

Daren Juma'ar nan Inna ta ce in sa mata shi. Na aro na'ura a maƙwabta, na goge faifan da gefen riga daga tsakiya zuwa baki kamar yadda Kawu ya koya mini. Ya yi ta tsalle a wurin kamu, ya wuce ɗaurin aure da ƙyar, da aka zo ɗakin Baba sai ya daidaita. Ga buzun, ga Yaya a lulluɓe, ga furannina na zubowa. Inna ta gyara zama ta ce, "Rage waƙar nan."

Na ce, "Inna, ko na rage ba za a ji shi ba. Muryar ba ta ciki."

Ta ce, "Na sani. Rage dai."

Na rage har ƙasa. Muka zauna muna kallon bakinsa har inda ya ɗago kai. Ta ce in mayar baya, na mayar.